Ƙwaryar da Anka Kifa a Kan Sawu

Sakkwato, 7 ga Sha'aban, 1335

Daga Junaidu ɗan Abdu, magatakarda a zauren alƙali, mazaunin Ƙofar Dundaye, zuwa ga taubashina Maccido, mai garin Tungar Marke. Gaisuwa gwargwadon abin da zumunci ya wajabta, da addu'ar ruwan farko ya same ku cikin lafiya, kai da iyali da abin da ke turke. Mu nan lafiya, in banda ciwon idon da zafin bazara ya saba kawo mini, shi ma na sa kwalli ya lafa. Ka gaishe mini da mahaifiyata Inno gaisuwa mai yawa.

Bayan haka, jiya da hantsi anka shigo da ƙanena Illo ta ƙofarmu, igiya a ƙugunsa, dogarin hakimi bisa doki yana janye da shi kamar bunsurun da za a kai wa mahauta. Ina zaune ina fiƙe alƙalami na ɗaga kai na gan shi. Ban san sa'ad da tawada ta zube mini a riga ba.

Ga abin da anka gaya mini, in da kuskure ka gyara. Shanu tara anka kora daga garken wani falke a Kalambaina. Lawali mai bin sawu ya bi su, shi da dogari, har cikin ƙasar garinku. Rana ta yi ƙasa, hadari ya taso, sai ya yi abin da masu sana'arsa ke yi tun kakanni: ya nemi ƙwarya ya kifa a kan sawun ƙarshe, domin ko ruwa ya shafe sauran, wanga ɗaya ya tsira, a tashi daga kansa da safe. Ruwa kuwa ya sauka. Da gari ya waye anka iske ƙwaryar a tsakiyar gonar Illo, anka ɗaga, babu kome ƙarƙashinta sai busasshen rairayi. Dogari ya ce mai gona ne ya shafe sawun don ya rufa wa abokan satarsa asiri.

Na sami Lawali a masaukinsa, na zaunar da shi. Ya ce mini, “Malam, ni baƙo ne a ƙasarsu, amma na san kusa da suri na kifa ta, gindin wata aduwa mai reshe biyu. Na faɗa tun a can, dogari ya ce in kama bakina.” Maccido, ni da kai mun yi kiwon awaki a dajin nan. Aduwa mai reshe biyu ɗaya ce a Tungar Marke, kuma a gonarka take.

Ƙwarya ba ta da ƙafa, balle ta yi tafiya,
Ba ta da fiffike, balle ta keta samaniya.
In ta kwana gabas ta wayi gari a wata shiyya,
Akwai hannu a ciki, hannun kuwa da niyya.

A zamanin iyayenmu, in sawu ya shiga gari, garin duka ke fita, a bi shi har a miƙa shi iyakar maƙwabta, in ya ɓace kuwa kowa ya ɗauki rabonsa na laifin. Yanzu takardar da hakimi ke aika wa Joji, Baturen mulki, gurbin suna ɗaya gare ta, kuma sunan ɗan uwata ne a ciki. An shuka gero ko'ina, gonarsa tana kwance, matarsa Zainaba da 'ya'ya huɗu suna kallon hanya. In anka yanke masa, shekara uku ce da sarƙa. Ba na tuhumar ka tukuna. Ina tambayar ka, kuma ina jiran amsa ta hannun mai jakan da ya kawo maka wagga. Wassalam.

Tungar Marke, 15 ga Sha'aban

Daga Maccido zuwa ga Junaidu, da alƙalamin Liman Mode, don ka san ni ban iya zanen ga naku ba. Muna lahiya. Goggo, uwarka, ta amsa gaisuwa, amma ba ta cin abinci awa dauri. Mun shuka ma Illo gonatai da gayya ranar Lahadi, ka ɗebe wanga daga cikin kukanka.

Liman ya karanta min takardarka, har da waƙar. Ya ce ta yi daɗi. Ni ban ji daɗinta ba. Shekara goma sha ɗaya rabonka da garin ga, ko ta'aziyyar baffanka da takarda ka yi ta, amma ka tuna reshen aduwa. Madalla da ƙwaƙwalwa.

Ban ɗauki ƙwarya ba. Ka ji shi a taƙaice, ba ni da baiti. Illo kuma ba ɓarawo na ba, na hwaɗa ma dogari, na hwaɗa ma hakimi, yac ce shi suna anka ce shi kawo, ba labari ba.

Akwai maganar da ba a ba alƙalami, Junaidu. Takarda tana bi ta hannun liman, ta bi ta hannun mai jakai, ta kwana zauren da dogarai ka shiga. Tungar Marke yini guda ta daga Ƙohwar Dundaye. Ka ari jaki in dokinka ya hi ƙarhin hanyarmu, ka zaka mu zauna. In ba ka iya zakuwa, to kahin ka nuna gonar wani da yatsa, ka hwara tambayar gidanku. Iyakar abin da ni ka iya cewa ke nan. Wassalam.

Sakkwato, 18 ga Sha'aban

Daga Junaidu zuwa ga Maccido. Sallama, domin Musulunci ya hana a hana ta. Idona ya warke, da ma bai warke ba, da ban ga abin da na gani ba.

“Ka tambayi gidanku.” Na karanta kalmomin nan sau bakwai, na juya takardar ko akwai wani abu a bayanta da zai rage musu dafi, ban samu ba. A layi ɗaya ka wanke Illo, a layi na gaba ka tura ni in binciki ɗakinsa. Wato gidan Abdu ne gidan da ake tambaya in shanu sun ɓace? Gidan da ubanka ya ci tuwonsa damina biyu a shekarun fara? Ka ce in zo mu zauna. In zo in zauna a zaurenka, ka ba ni fura, dattawanka su kewaye ni da “a yi haƙuri, a rufa asiri,” in komo birni da goro a aljihu, ƙanena yana nan cikin ƙarfe. Na san irin zaman nan, na rubuta ƙarshen irinsa ya fi a ƙirga.

Bari in gaya maka abin da ake gani daga ƙofar gidana. Kowace safiya ana fito da mutanen gidan yari, biyu-biyu a sarƙa ɗaya, su ɗauko marmara a ka zuwa hanyar da Nasara ke shimfiɗawa. An haɗa Illo da wani dogon mutum mai saurin tafiya, ƙarfen ya cinye masa idon sawu, ƙuda na bin sa. Shekaranjiya ya wuce ni ina tsaye da manyan malamai. Ya sunkuyar da kai don kada a gane ni ɗan'uwansa ne. Shi ke cikin sarƙa, shi ke kare mini mutunci! Kai kuwa kana can da rawani, kana yi mini gorin gayya.

Tun da ka ce ba ka da baiti, ga naka na ba ka kyauta:

Mai garin da sawu ya kwana a gonarsa,
Ya wayi gari ya aje shi ƙofar ɗan'uwansa.
Rawani bisa kai, ƙwarya a hammatarsa,
Tafiya ta dattijo, aiki na ƙaramin ɓarawonsa.
In ya yi rantsuwa, ku dubi ƙasan rigarsa,
Rairayin aduwa bai gama zuba daga hannunsa.

Ban nuna wa kowa ba tukuna. Ina ba ka zuwa ganin watan azumi. Ka zo gaban alƙali ka faɗi inda Lawali ya kifa ƙwarya, da yadda ta tashi. In wata ya tsaya ban gan ka ba, zan faɗi sunanka a inda ake rubuta sunaye, kuma ka san hannun da ke rubutawa. Wassalam ga wanda ya bi gaskiya.

Sakkwato, 6 ga Ramadan

Daga Junaidu zuwa ga mai garin Tungar Marke. Muna azumi lafiya. Illo ma yana yi, da marmara a kai.

Kwana goma sha takwas babu amsa. Mai jakai ya zo sau biyu da farar ƙasa, na tare shi a ƙofa, ya buɗe mini tafin hannu wayam. Na ɗauki shirunka a matsayin amsa, na kuwa cika alkawari. Ranar Alhamis na durƙusa gaban alƙali na ce, “Allah ya gafarta malam, Maccido mai gari ne ya ɗauke ƙwaryar daga gonarsa ya kai ta ta Illo.” Ya dube ni, ya ce da'awa ce mai nauyi, sai da shaida ko iƙirari. Ya sa ranar ashirin ga wata, domin Joji ya aiko sau biyu yana son a rufe maganar kafin Salla. Za a aiko maka da sammaci.

Baitocin nan kuwa na karanta wa mutum ɗaya, shi ya karanta wa uku. Jiya na ji mahauta suna rera su a bakin kasuwa, suna buga wuƙa a kan katako, sun ma ƙara nasu da ban sa ba. Ba zan ce na yi baƙin ciki ba. Wassalam.

Tungar Marke, 12 ga Ramadan

Daga Maccido zuwa ga Junaidu. Na sa Liman Mode ya dahwa Alƙur'ani cewa abin da za shi rubuta yanzu ba shi hita bakinai, mai jakai kuma na ɗinke mai takardar cikin hula. Kai kaj ja.

Ba shiru ni yi ba, ba ni gari. An ce an ga shanu tara masu tsagen kunne wajen Ƙonni, nit tahi da ƙahwata, kwana goma sha tara, ko in kamo ɓarayin kowa shi huta. Sun ƙetare ƙasar Faransi, ba mai bin su can. Na komo da kaushi, na iske sammaci, na iske yaran gari na rera min waƙarka bakin rijiya. To saurara, malamin birni.

Ran da Lawali yan nemi ƙwarya, mata na bakin rijiya. Zainaba ta miƙa mai wadda ag ga hannunta. Ƙwaryar Goggo ta, uwarka, babbar nan mai ɗinki ukku wadda taz zaka da ita gidan Abdu tana amarya, wadda ko kai ba ka isa ka sha ruwa cikinta ba. Da Goggo taj ji an kihe ta cikin daji, tac ce ƙwaryar aurenta ba ta kwana waje awa kaskon kare. Ba ta san wani sawu ba, ba ta san dogari ba. Tad ɗauki sandarta tat tahi.

Ni ina dawowa da harawar dokin dogari, nih hango ta ta riga ta ɗauko, ta kai tsakiyar gonar Illo. Nik ƙwala mata kira, “Goggo, ta hukuma ta! Aje!” Ka san kunnenta. “Hukuma” kaɗai taj ji. Tak kihe ta nan inda take, tay yi gida.

Ga nawa laihin, ba ni ɓoye shi. Na tsaya kan ƙwaryar. Na san inda taf hito, don na ga Lawali sa'ad da yak kihe ta gindin aduwata. Na duƙa in ɗauka in maida, hannuna yaƙ ƙiya. Nic ce ma raina, gobe Lawali shi tashi daga sauran sawun, mi a ruwan ƙwarya. Sai ruwa yas sauka yash shahe komi. Da sahe dogari ya tambaya, nay yi kurum. In na yi magana, ko a ɗaure tsohuwa da igiya a kai ta birni kan ɓata sawu, ko a ɗaure ni. Wane na cikin biyun yar rihe min baki, wallahi har yau ban sani ba. Ina so in ce na hwarin na.

Goggo kullum sai ta ce a ɗora ta bisa jaki ta je ta hwaɗa ma alƙali. Ni ka hana ta. Shi na gidanku da nic ce ka tambaya. Da ka zaka yini guda, da ka ji shi daga bakinta. Yanzu kai ka san shari'a, sai ka hwaɗa min: in kawo ta? Wassalam.

Sakkwato, 14 ga Ramadan

Daga Junaidu zuwa ga Maccido ɗan kawuna. Takardarka ta iso ana kiran la'asar. Na karanta ta a tsaye, na ƙone ta a murhu. Na san ƙwaryar. Ni na fasa ta ina ɗan shekara shida, ɗinki na biyu nawa ne.

Kada ka kawo ta. Ko da ta zo, shari'a ba ta karɓar shaidar uwa don amfanin ɗanta. Za ta tona kanta a gaban dogarai da 'yan kallo, a rubuta ta cikin masu ɓata sawu, Illo kuma ya koma sarƙarsa. Abin da zai kwance shi maza biyu ne da za su ce ba a gonarsa anka kifa ƙwarya ba. Lawali ɗaya. Na duba duniya ban ga na biyu ba sai kai.

Kada ka zaci na wanke ka. Ka tsaya a kan ƙwaryar nan da hannu biyu lafiyayyu, ka bar ta. Kwana arba'in ƙanena yana ɗaukar dutse saboda duƙawar da ka fasa. Wanga yana wuyanka har gaban Allah. Amma abin da na faɗa gaban alƙali ƙarya ce, ko da ban san ƙarya ce ba, kuma ba ni da hanyar janye ta sai an tambaye ni, “To wa ya ɗauka?” Ka ga inda alƙalamina ya kai mu.

Ban san abin da za a yi maka ba in ka ce sawu a gonarka ya tsaya. Ba zan yi maka alkawarin da ba ni da ikonsa ba. Na saba roƙo da baiti, yau na nema ya ƙi zuwa. Ka zo ranar ashirin, Maccido. Wassalam.

Sakkwato, 22 ga Ramadan

Daga Junaidu zuwa ga Maccido, a gidan yari. Wanda zai karanta masa wagga, amana ce a wuyanka. Tare da ita akwai fura da dabino na buɗa-baki, da man kaɗe na ƙafa, a shafa kafin a sa ƙarfen.

Illo ya kama hanyar gida jiya bisa jakin da ka zo da shi. Ba ya iya taka ƙafar hagu, amma ya ce zai yi noma ko da rarrafe. Ya tsaya ƙofar gidan yari yana son ganin ka, anka hana.

Ina rubuto maka ne domin abin da ya faru a zaure ya hana ni sukuni. Ka ce sawu a gonarka ya tsaya, Lawali ya gaskata ka. Ka ce ƙwarya ta kwana gonar Illo da saninka. Har nan gaskiya ce tsantsa. Sai alƙali ya ce, “Wa ya ɗauke ta?” Ka juyo ka dube ni, ka ce, “Ai magatakardanka ya riga ya hwaɗa maka.” Alƙali ya ce, “Malam Junaidu, rubuta iƙirari.” Ana jin kukan alƙalamina a kan takarda. Shekara ashirin ina alfahari ban taɓa rubuta abin da na san ba haka yake ba. Na rubuta, na zuba rairayi ya bushe, na miƙa.

An tuɓe maka rawani, an yanke maka shekara guda. Zan nemi ganin wanda ke da iko a rage. Na bi mahauta rumfa-rumfa ina roƙon su bar waƙar nan, sunka yi dariya, sunka ce ai yanzu ma ta tabbata. Ka ba ni izini in zo in gan ka ranar Juma'a. Wassalam.

Gidan yari, 24 ga Ramadan

Daga Maccido, da hannun wani malami da anka haɗa mu sarƙa guda. Hura ta iso, mun sha mu biyu. Man ya yi amfani.

Kada ka zaka Juma'a, kada ka zaka wata Juma'ar. Ba don kai ni yi ba, ba kuma don Illo kaɗai ba, saboda haka ba ni son godiya, ba ni son kuka. In anka hito da mu ɗaukar marmara ta ƙohwarku, ka shiga gida.

Aiki guda ni ka ba ka. Na bar ma Liman da Illo da Zainaba saƙo, garin duka sun ɗauka: Goggo ba ta jin inda ni ke. Ka san abin da za ta yi in taj ji. An ce mata hakimi ya aike ni gabas wani aiki mai daɗewa. Amma tana da wayo, ba ta yarda da bakin mutanen gari, ta ce ɗanta na birni shi ka sanin gaskiyar komi. Don haka ranar Salla ka ari jaki ka tahi, ka zauna gabanta, ka dubi idonta, ka hwaɗa mata garin da ni ke, da abin da ni ka ci, da ranar da za ni komowa. Wata mai zuwa ka koma ka ƙara mata wani. Haka har goma sha biyu. Kai ka iya tsara magana, Junaidu. Tsara wagga.